Rigimar Shugabanninku Ta Tsare Mini Jika

Zuwa ga Mai Girma Jakadan ƙasar surukina a Saudiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ba zan ambaci sunan ƙasarku ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Ƙasa ce a Kudancin Amurka mai magana da Sifaniyanci, kuma ina ƙaunarta tun ban san inda take ba.

Sunana Rakiya, ina tuyar waina a Hindawiyya, nan Makka. A nan aka haife ni, kakannina Kanawa ne da aikin hajji ya kawo. Ga kukana.

Na farko, yadda muka zama dangi. Wani saurayi ɗan ƙasarku, Yusufu, ya musulunta ya zo karatu. Maigidana, Malam Sani, direban tasi ne, shi ya ɗauko shi wata rana da yaron ya ɓata hanya a unguwar Jarwal, ya kawo shi gida cin abinci. Ya ci yaji har da hawaye, amma washegari ya dawo. Da ya nemi auren 'yata Asma'u, dangi suka yi ta surutu, Malam ya ce yaron da ke goge masa mota ba a sa shi ba ya wuce baƙo. Muka ba shi, ba mu taɓa nadama ba.

Na biyu, abin da ya faru. Bayan karatu sun koma ƙasarku, zama ya yi wuya, suka ƙetara ƙasar maƙwabtanku inda ya sami limanci a wani ƙaramin masallaci. Can aka haifi jikata Maryam. Sai aka yi zaɓe a wajenku, shugaban can ya faɗi maganar da ba ta yi wa naku daɗi ba, kowa ya janye jakadansa aka rufe ofis. Ana cikin haka fasfon Yusufu ya ƙare, babu inda zai sabunta. Ba zai iya fita ba. Maryam ma ba za a bar ta ta hau jirgi ba sai da sa hannun uba, kuma ba a karɓar sa hannun mai matacciyar takarda.

Na uku, dalilin gaggawa. Malam yana kwance, ƙoda ce, ana yi masa wanki a asibiti, likita ya hana shi doguwar tafiya. Bai taɓa ɗaukar yarinyar nan ba. A waya kawai yake ganinta, tana miƙo masa ayaba ta gilashin wayar, shi kuma yana buɗe baki.

Na je ofishinku da kaina. Wallahi an karrama ni. Wata ma'aikaciyarku ta ba ni gahawa, ta riƙe hannuna, ta ce nata ƙanen ma haka ya maƙale, magana ce ta manya. Ban ga laifinta ba. Amma ranka ya daɗe, manyan sun yi faɗansu, kowa ya kwana cikin iyalinsa.

Roƙona biyu ne. A ba Yusufu takardar tafiya ta wucin gadi daga nan. In hakan ya fi ƙarfinka, ka isar wa gwamnatinku ta wakilta wata ƙasa da kuke shiri da ita ta riƙa duba takardun mutanenku a can. Ban ce ku shirya ba, ban san wa ke da gaskiya ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya zaunar da ƙasarku lafiya. Jumma'ar da ta wuce na yi ɗawafi na roƙa wa shugabannin nan biyu sanyin zuciya. Sunan ɗaya ya gagari harshena, amma Wanda na roƙa ya san shi.

Wassalam.

Taku,
Rakiya mai waina, Hindawiyya, Makka.