Dubiya ta Bayan Zana

Kebbe, 9 ga Satumba, 1957

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya fama da jama'a? Takardarka ta iso ta hannun Ɗangiwa direba, tare da kwalbar maganin Inna. Ni da kaina na karanta, ban kai wa kowa ba, sai ka daina yi wa ajinmu na yaƙi da jahilci dariya.

Ka ce masu wannan mura sun cika asibitinku na Tambuwal har gindin bishiya, ba halin ka zo duba mahaifiyarka sai abin ya lafa. Nan ma annobar ta shigo. Gero ya nuna a gona, masu yankansa suna kwance.

Inna da sauƙi, mun gode Allah. Ciwon dajin nan na nononta bai ƙaru a ido ba, warin ne dai ya ƙaru. Safe da yamma nake wanke shi da ruwan gishiri, yadda ka koya mini. Bandeji ya ƙare, na yayyage tsohon zanena ina dafawa. Maganin zafin kuwa rabin cokali nake ba ta, tunda ka ce ba a aiko muku da wani daga Sakkwato ba.

Na riƙe umarninka duka. Ina ɗaure hanci da baki da ɗankwali in zan shiga wurinta. Ba mai shigowa dubiya, ƙanenta Kawu Bube ya tare a zaure yana mayar da mata. Ban kuma gaya mata ana annoba ba, balle waɗanda suka rasu. Kawu ma ya ce haka ya dace, ba a kai wa majinyaci labarin mutuwa. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, ba abin da take ji.

Ka riƙa cin abinci, na san halinka. Ina kewarka.

Taka,
Safiyatu

Kebbe, 21 ga Satumba, 1957

Zuwa ga Malam,

Ina gaisuwa, da fatan Allah ya tsare ka daga abin da kake jinya. Mu nan jiki lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kwana huɗu ke nan Inna ba ta shan komai sai ruwa. Na dama kunun tsamiya, na dama fura da nono mai kyau, ta juya fuska bango. Da farko na ɗauka ciwon ne ya motsa. Ashe lissafin mutane take yi. Ka san da ɗakinta ba ya rabo da mata, wannan ta shigo da kaɗinta, waccan da labarin kasuwa, har sai ka yi faɗa ka ce a bar ta ta huta. Yanzu sati uku ba ta ga fuskar kowa ba sai rabin tawa.

Sau biyu ta tambaye ni aminiyarta Hinde mai daddawa. Na ce aikin kaka ne ya riƙe ta. Ƙarya na yi, Hinde tana kwance rai a hannun Allah.

Jiya ta sa na ƙara turaren wuta har ɗakin ya turnuƙe. Da na zo da ruwan wanki sai ta riƙe zanenta ta hana ni buɗewa, ta ce in tattara in koma ɗakin mijina tun ban kai ga gudu ba kamar sauran. Sai a lokacin na gane. Inna ta ɗauka warinta ne ya kori garin nan, har ni da nake toshe hanci. Na fito bayan rumbu na sha kuka.

Malam, kai ne mai ilimin magani, ban musa ba. Amma mun tsare ta daga mura mun bar ta da abin da ya fi mura. Ka ba ni izini in gaya mata.

Taka,
Safiyatu

Kebbe, 2 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da so da begen ganinka. Yaya gajiya? Amsarka ba ta zo ba, an ce Ɗangiwa ma ya kwanta, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ban jira ba, ka yafe mini.

Ranar Juma'a na zauna bakin gadonta na gaya mata komai: annobar, dalilin ɗankwalin, zaman Kawu a zaure, da sunayen mutum bakwai na unguwarmu da suka rasu. Da na gama sai ta ce, "Ashe ba ni sunka guda ba." Wallahi murmushi ta yi, daga baya ta yi wa mamatan kuka, ta bi su ɗaya ɗaya da addu'a. Sai ta aika aka kira Kawu, ta wanke shi tas. Ta ce ita da ta ga Marisuwa, annobar da ta cinye rabin gidansu tana amarya, ita za a ɓoye wa mura? Kawu da furfurarsa yana tsugune yana sosa ƙeya.

Ita ta tsara sauran. Ta sa aka fito da gadonta ƙarƙashin rumfa, aka yanke kafa a zanan da ya kewaye gidan ta baya, daidai faɗin faifai. Mata suna zuwa ta lungu bayan la'asar, su tsaya nesa, taku goma na auna da ƙafata, su gaishe ta ta wannan kafa. Shekaranjiya Hinde ta zo tana dogara sanda, ta rame kamar kara. Da ta ji abin da Inna ta zata, ta ce ita da ta shekara arba'in kan tukunyar daddawa, wane wari ne zai kore ta? Suka yi ta dariya har Inna ta dafe ƙirji.

Ba zan ɓoye maka ba, na gaji da ɓoye-ɓoye. Ciwon yana gaba, hannunta na hagu ya kumbura, rabin cokalin nan ba ya kai ta azahar. Amma tana shan kunu, tana buɗe mini zanen da kanta, har tsiya take yi mini wai ɗankwalin ya rufa wa hancina asiri. Ni kuwa raina fari ƙal.

Na tambaye ta ko in rubuta maka ka zo ko ta halin ƙaƙa. Ta ce in sa maganarta yadda ta faɗa:

"Ki ce mishi shi tsaya ga marasa lafiya nai, su ma ɗiyan wasu na. In ya ishe ni, to. In bai ishe ni ba, na yafe mishi duniya da lahira. Kuma kada shi damu, cikin mutane nike."

A gaida abokan aikinka. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
Safiyatu