Bishiyarka Mai Rai

Baban Da-on,

Na fita aiki, ban tashe ka ba. Bishiyar Kirsimetin da ka saro, wadda ka ce min "mai rai ce, ba irin robar nan taki ba," ta gama gasuwa. Ka manta ɗumin gidan nan ta ƙarƙashin daɓe yake fitowa. Ganyenta ya zube kamar allurai, Da-on ta taka da safa, ta sha kuka.

'Yan cocinmu za su zo addu'a da yamma, kuma a ƙasa za su zauna. Ka share falon, ka ɗauko ta robar a baranda. Shekara tara ba ta nemi ruwa ba, koriya shar. Ka ba ta robar haƙuri.

Maman Da-on