Wannan Karon Na Karanta Takardar, Sa'a

Zuwa ga matata, marigayiya Sa'adatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sa kina cikin ni'imarSa. Ni ne Isa mijinki, mai lambun nan na Nassarawa. Da hannuna nake rubuta miki wannan, ba wanda ya riƙe mini biro. Na san da kina nan sai kin yi dariya, domin kin bar ni ina dangwala babban yatsa a tawada.

Albishir na kawo miki. 'Yarmu Rabi ta haihu, mace, kuma yau suka yi arba'in, ita da jaririyar duk lafiya lau. Sunanki aka sa mata, muna kiranta Ummi. Goshinki ne da ita sak. Na ce mata ni ne angonta, ta dube ni ta ɓarke da kuka, Yaya Delu ta ce ai yarinyar ta yi hankali, wa zai yarda da tsoho mai ƙasa a farce.

Amma saura kaɗan wasiƙar nan ta zama ta wani labarin daban. Shi ya sa na zauna ƙarƙashin mangwaron da kika sani, na ce sai na ba ki shi tun daga farko.

Muna nan a ɗakunan baya na gidan Alhajin da nake wa aikin lambu, inda kika bar mu shekara tara da suka wuce. Da Rabi ta haihu, sai ta dawo gida wanka, mijinta kuwa yana can wurin aikinsa a Kaduna, sai Juma'a yake zuwa. Yayata Delu ta taso daga Kawaji da tukunyarta da ganyen darbejiyarta, ta kama aikin da ke ya kamata ki yi. Ba zan ci amanarta ba, ta yi wahala. Safe da yamma tana kan murhu, ga ruwan wanka, ga kunun kanwa. Ni kuwa kin san ni da Rabi. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, sai dai in ce yarinyar nan. Ɗakin jegon ma daga bakin ƙofa nake yin sallama in wuce.

Kwana uku bayan suna, na dawo daga ban ruwa na nemi silifana na rasa. Can na hango su a ƙofar ɗakin mai jego. Na tambayi Yaya Delu, ta ce takalman yarinyar ne suka ƙi shiga ƙafarta, shi ne ta ari nawa.

Kin tuna watanninki na ƙarshe? Silifana kike sawa saboda kumburin ƙafa. Har kina tsokanata, wai a duk abin da na mallaka su kaɗai ne suka yi miki daidai.

Na ce a kai ta asibiti. Yaya Delu ta ajiye muciya ta kalle ni daga sama har ƙasa. Ta ce kumburin jego ne, ruwan zafi da kanwa za su sauke shi, ciwon kan da take kuka da shi kuma rashin barci ne. Ta ce ita ta yi wa mata sun fi ashirin wanka, ba wadda ta ƙetare ƙofar gida kafin arba'in, kuma ba a kan 'yar ƙaninta za a fara ba. Sannan ta rufe da abin da ta saba: "Kai Isa, me namiji ya sani a jego? Je ka ba fulawarka ruwa."

Na tafi na ba fulawa ruwa. Amma ban san inda ruwan yake zuba ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki da baki ba, ko da yake na san kin sani. Ranar da na kai ki asibiti aka ɗebi jininki, an miƙo mini wata takarda aka ce a kai wa likita. Layin ya yi tsawo, Alhaji yana da baƙi, ke kuma kika ce maganin da aka ba ki ya fara aiki, mu je gida. Na ninke takardar na sa a aljihu, da muka dawo na jefa ta cikin akwatin ƙarfena, tare da katin zaɓe. A ganina shaida ce kawai ta cewa mun je. Gidan nan cike yake da masu ilimi, ko wanne na miƙa wa zai karanta mini cikin minti ɗaya. Kunya ta hana ni, kada a ce babba da ni ban san abin da ke hannuna ba. Wata biyu takardar tana kwance. Da jikinki ya rikice muka koma, likita ya buɗe ta, ya nuna mini wani jan rubutu a samanta, ya ce, "Baba, ina kuka kai wannan tun tuni?" Ƙodarki ce take neman taimako tun ranar. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma tambayar likitan nan ba ta taɓa barina ba.

Ita ce ta kai ni ajin manya a Giginyu, wata huɗu bayan rasuwarki. Kullum bayan la'asar in wanke ƙafa, in hau keke, in je in zauna a bencin yara, gwiwata tana dukan tebur. Malam Bulus, mutumin Zariya, shi ya koya mana. Mutum mai haƙuri. Da ya ga ina riƙe fensir kamar zan yi noma da shi, sai ya ce, "Malam Isa, sassauta, ba fartanya ba ce." Shekara uku na yi a wurinsa. Na iya Hausa, na iya lamba, Turanci ma ina tsintar abin da ya sawwaƙa. Ranar da na fara haɗa kalma da kaina, na dawo na buɗe akwatin ƙarfe, na karanta jan rubutun nan. Kalma uku ce kacal, cewa a dawo maza.

To, ga ni tsaye da tiyo a hannu, ga silifana a ƙofar 'yarmu. Sai Allah Ya kawo mafita ta ƙofar gida. Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Sista Rifkatu, da take zuwa duk wata ta ɗebi jinin Hajiya saboda ciwon sukarinta. Takan zo a adaidaita da wata 'yar jakar sanyi a kafaɗa. Na sha buɗe mata ƙofa, ban taɓa tunanin aikinta zai shafi irinmu ba. Ranar na tare ta wajen bishiyar lemo, na faɗa mata komai. Ta ce idan mai jego ba za ta fita ba, ai allura tana da ƙafa. Za ta ɗebi jinin a nan ɗaki, a duba ƙoda da hanta, sakamako ya fito a yinin.

Yaya Delu ba ta so ba. Ta ce yarinyar da ta zubar da jini wurin haihuwa, shi ne za a zo a ƙara kwashe na sauran? Sista Rifkatu ta nuna mata kwalaben, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa, ta ce, "Mama, ko cokali biyu bai kai ba, kunun da kike ba ta zai mayar da shi kafin azahar." Jin an yabi kununta, sai ta matsa gefe. Tunda dai ba fita za a yi ba, ta ce, a yi.

Ina daga waje ina ji. Sista ta ɗaura wa Rabi abin awon hawan jini, ta ce ya hau, ba ta son yadda ta gan shi, ya kamata likita ya gan ta ko da me gwajin ya nuna. Yaya Delu ta ce a bari takarda ta fito tukuna. Da Sista za ta tafi, ta tsaya ta zana mini a bayan wani kwali yadda takardar za ta kasance: layi ɗaya lambar Rabi, layi na kusa da shi iyakar da bai kamata a wuce ba, na sama na ƙoda, na ƙasa na hanta. Ta karɓi lambar wayata, ta ce za ta kira.

Ta kuwa kira, har sau biyar. Wayar tana aljihun rigata, rigar tana rataye a reshen gwaiba, ni ina can ƙarshen lambu da injin yanke ciyawa yana ruri. Ta Rabi kuma Yaya Delu ta kashe ta don mai jego ta samu barci. Da Sista ta rasa mu, sai ta sa sakamakon a ambulan, ta ba mai babur ya kawo.

Sai wajen la'asar na shigo. Na tambaya ko an kawo saƙo. Yaya Delu ta ce an kawo, ta adana shi a cikin kwalla, ƙarƙashin kayan jaririya, inda ba abin da zai taɓa shi. Ta ce a bari ranar Juma'a mijinta ya zo, shi ne ɗan boko, shi zai duba. Ranar kuwa Talata ce.

Sa'a, ji na yi kamar ni ne nake magana da bakinta. Ninke takarda, adana ta wuri mai kyau, jiran wani ya zo. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, domin na san wannan hanyar, na bi ta har ƙarshenta.

Na ce ta miƙo mini. Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa Yaya Delu magana da irin wannan muryar ba. Ta miƙo.

Na zauna a kan turmi, na sa tabarau, na ɗora yatsa a layi na farko kamar yadda Malam Bulus ya koya mana. Lambar Rabi, sannan iyaka. Ta wuce. Na sauko na biyu, ta wuce. Na zo na hanta, nan ma ta wuce, ba da kaɗan ba. Sunayen Turancin ban san su ba, amma na san lamba babba da ƙarama. A can sama kuma, da biro, Sista Rifkatu ta rubuta da Hausa: a kai ta asibiti yau, kada a kwana.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ɗakin ba. Tana kwance ta dafe kai, fuskarta ta yi suntum. Na ce, "Rabi, tashi mu tafi."

Shekararta ashirin da shida, ranar ta fara jin sunanta a bakina. Ta buɗe ido tana dubana kamar wani baƙo ne ya shigo. Ba ta tambayi ina za mu ba. Ta miƙe ta zura silifana. Yaya Delu kuwa daga baya ta gaya mini da ta ji na kira sunan, ta san magana ta wuce ta wanka. Ita ta goya Ummi, ita ta riga mu shiga motar da Hajiya ta ba mu.

Kwana shida aka riƙe Rabi a asibiti. Likita ta ce wani hawan jini ne da kan kama mace wajen haihuwa, wani lokaci har bayan ta sauka, yana taɓa ƙoda da hanta, idan aka yi sake sai jijjiga. Ta hana kanwa, ta ce a rage zafin ruwan wanka. Ta riƙe takardar ta tambayi wanda ya ce a kawo ta yau. Rabi ta nuna ni. Likitar ta ce, "Baba, kun zo a kan lokaci." Sai na fita waje, na tsaya bayan wata mota, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Mako biyu da sallamarta Sista Rifkatu ta dawo ta sake ɗiba, kamar yadda likita ta ce. Wannan karon a bakin ƙofar gida na jira mai babur, wayata a hannu. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun koma cikin iyakarsu, sai guda da ya rage kaɗan, shi ma likita ta gani ta ce yana kan hanya. Ni ma na miƙa hannuna aka ɗiba. Ƙodata da hantata kalau, sai dai an ce in bar shan maganin ciwon gwiwa barkatai daga kemis. Yaya Delu ma an ɗebi nata. Matar da take tsoma hannu a tafasasshen ruwa, sai ga ta ta rufe fuska da mayafi tana salati saboda allura. Yanzu ita ce take gaya wa matan Kawaji wai ita ta matsa a yi gwajin. Na bar mata.

Mijin Rabi ya ce zai sa wasiƙar nan inda mutane za su gani. Na yarda, ko da za su ga inda na yi kuskuren rubutu. Wataƙila akwai mai takarda ninke a akwati yana jin kunyar tambaya. Da wani ya ba ni irin wannan labarin a lokacinki, da na miƙa wa ko ɗan makaranta ne.

Ɗazu da safe Rabi ta yi wankan arba'in, ta ci ado za su fita gaishe da dangi. Ta sa takalmanta masu tsini, sun shiga ba gardama. Ta kawo mini silifana a wanke, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Baba, ga kayanka, na gode." Sannan ta ce wai tunda na fara kiran sunan, kada in daina. Na ce mata za a duba.

Takardarki tana nan, ban yar ba. Na haɗa ta da ta Rabi na mayar akwatin ƙarfe, taki a ƙasa, tata a sama. Taki ce ta tura ni makaranta, Sa'a, kuma makarantar ce ta karanta tata. Ke kika ceci 'yarki, ni dai an aike ni ne.

Ya Allah, na gode maKa. Ka gafarta wa Sa'adatu, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yafe mini sakacina. Ka ƙara wa Rabi lafiya, Ka raya Ummi, Ka sa ta yi karatun da kakanninta ba su samu da wuri ba. Ka saka wa Malam Bulus da Sista Rifkatu da alheri, Ka bar mini Yaya Delu da faɗanta. Ka haɗa mu a gidan da babu ciwo.

Sai mun zo.

Ni ne naki,
Isa, kakan Ummi.