Wa Ya Aske Ƙafafun Ƙwaƙwalwar Jikata?

Zuwa ga Mai Filin Shawarwari,

Don Allah ka taimake ni da wuri, kafin bakina ya furta abin da zai raba ni da mijin 'yata.

Ni tsohon mai gyaran keken ɗinki ne, yanzu ido ya zaunar da ni. Karatuna na ajin yamma ne, sai da furfura ta fito na koyi haɗa baƙi, saboda haka ka yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye. Jikata ta fari, wadda nake tsokana da amaryata, ta sami gurbin karatun zanen gine-gine a jami'a. Ranar da labarin ya zo, da takalmi wari da wari na fita ƙofar gida, ina tare duk wanda ya gifta ina gaya masa, har da mutumin da ya zo tambayar hanya.

Yarinyar nan da hannunta take haɗa kwamfuta, guntu-guntu, daga kayan hannu. Akwati ya samu, allon ciki ya samu, fanka ta samu. Saura furosesa, wanda ta ce shi ne ƙwaƙwalwar. Na ce a raina, wannan kam ni zan sa. Na kwafi lambar irin wanda take so a ɓoye, na nuna wa ubanta, shi kuma ya nemo mini wani mai sayar da na hannu a intanet. Da idona na karanta inda aka rubuta cewa yana aiki lafiya. Gidana ba shi da lamba, sai aka kai saƙon wurin aikin surukin nawa, ya kwana biyu a hannunsa kafin ya kawo.

Tun daga kwalin raina ya ƙi kwanciya. Salatif iri biyu ne a jiki, ruwan ƙasa a ƙarƙashi, fari a sama. Wato an buɗe an sake rufewa.

Na ɗauko gilashin aikina na zauna bakin taga. Ni fa na taɓa ganin furosesa, a shagon maƙwabcina mai gyaran rediyo: cikinsa cike da ƙananan ƙafafu na zinariya, tsaye cirko-cirko kamar burushi. Wannan kuwa sumul yake. Ko ƙafa ɗaya babu, sai gurbinsu ɗigo-ɗigo, kamar haɓar da aka yi wa aski. An gutsure gefensa nan da can. A bayansa wata toka ta bushe. Can wajen kusurwa wasu ɗigogin sun yi duhu, amma wannan bai dame ni ba, ina jin datti ne.

Na sha jin akwai masu kankare zinariya daga tsofaffin na'urori. To wa ya yi askin? Mai sayarwa, wanda ban san fuskarsa ba? Mai babur ɗin da ya kai saƙon? Ko kuwa, Allah Ya yafe mini, surukina? Da ya miƙo mini kwalin bai dubi idona ba. Ya ce kada in buɗe, in bar wa yarinyar. Ko ruwa bai sha ba ya tashi.

Uwargidana ta ce tun da ya auri 'yarmu bai taɓa duban idona ba, kunya ce, kuma ni ne fa mutumin da ya taɓa zargin kyanwa da ɗauke masa sukundireba. To na ji, amma ita ba ta ga askin ba.

Ban nuna wa jikata ba. Na so in ba ta mamaki, kuma in ta tambayi hannun wa ya biyo, me zan ce? Na yi niyyar goge tokar da man keke in ga abin da aka ɓoye a ƙarƙashi. Na kuma ɗauki waya zan kira 'yata in fayyace mata komai, na ajiye. Karatu ya kusa farawa. Me zan yi?

Kaka Mai Gilashi

Kaka Mai Gilashi,

Barka da arziki, Allah Ya sa wa karatun amarya albarka. Amma ka bar wayar nan a ajiye, man keken ma ka mayar da shi inda yake.

Furosesa iri biyu ne. Akwai mai ƙafafu, irin wanda ka gani a shagon maƙwabcinka. Akwai kuma wanda tun daga masana'anta haka yake sumul: ƙafafunsa suna jikin allon kwamfutar, shi zama kawai yake yi a kansu, ɗigogin nan su taɓa su. Yadda ka kwatanta naka, ɗigogi a jere, duk girmansu ɗaya, ba askin kowa ba ne. Wanda aka kankare ba ya fita da kyan gani haka. Gutsuren gefe kuwa, in ya yi santsi kamar an yanka da inji, da gangan aka yi shi don kada a sa abin a juye. Tokar baya ragowar man da ake shafawa ne don rage zafi. Tana nuna an yi aiki da shi, kuma dama na hannu ka saya.

Ba na cewa zarginka banza ne. Wanda ya sayi kayan hannu wurin mutumin da bai taɓa gani ba dole ya buɗe ido. Sai dai abin da ka wuce da sauri shi ne ya tsayar da ni: ɗigogin da suka yi duhu. Yana iya zama datti, yana iya zama ƙuna, kuma gilashi ba zai raba gardamar ba. Ka ɗauki hotonsa ciki da baya, da na kwalin. Ka riƙe shi ta gefe, kada ruwa ko allura su kusance shi. Ka kai wa mai gyaran kwamfuta ya goge wurin da abin da ya dace, ya duba ko ya lanƙwashe ko wani ɗan ƙaramin abu ya ɓalle a cikinsa, sannan ya ɗora shi a allo ya kunna a gabanka. Ya nuna maka sunan da ya fito a fuskar kwamfutar, a ga ko ya yi daidai da rubutun jikinsa, don akan sauya rubutun. A bar shi ya yi aiki har ya ɗau zafi. Ka hanzarta, domin damar mayar da kaya a irin waɗannan shafuka ba ta daɗewa.

Game da surukinka, abin da ke hannunka salatif ne da sunkuyar da kai. Masu sayar da kayan hannu sun saba amfani da tsohon kwali. Cewa kada ka buɗe kuwa, ko ni haka zan ce maka, tunda ga shi har ka fara tunanin man keke. Furosesa in ya lalace ana mayarwa. Maganar sata in ta shiga kunnen 'yarka, babu shafin da zai karɓe ta.

Ka haƙura da ba da mamaki. Ka kira jikarka yau ka sa mata abin a hannu. Ita ta san allon da ta saya, da kallo ɗaya za ta gaya maka ko gidansu ɗaya. Ku tafi wurin mai gyara tare, ubanta ya kai ku. In furosesan ya tashi, ku yi murna ku uku. In bai tashi ba, mutumin da ka kusa kira ɓarawo shi ne zai tsaya maka wajen mai sayarwa.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya nuna maka ginin farko da za ta zana.