An Buge Malam Dauda a Hanyar Gida

Daren Laraba, damina, 1992

Yanzu na dawo daga asibiti, na kasa cin komai. An naɗe wa Malam Dauda kai, idonsa na hagu kuma likita ya ce sai dai addu'a. Ɗalibin da ya kama yana satar amsa ne ya tare shi jiya da la'asar a hanyar gidajen malamai, wajen gonakin shinkafa. Ya buge shi da gora ya bar shi cikin ruwa, masunta ne suka ɗauko shi.

Sau nawa muka roƙi a sa maigadi a hanyar nan? Yau shugaban kwaleji ya ce mu riƙa tafiya bibbiyu. Shi ke nan.

Matar Malam Dauda ta riƙe hannuna a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, ta ce, "Malama Hauwa, in ya tashi Filato za mu koma." Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, amma ban iya cewa su zauna ba.

Shi kuwa da na sunkuya gaishe shi, da ƙyar ya ce, "Wa zai duba takardun ɗalibaina?"

Sai da na fita waje na yi kukan.