Allurar Barci da Takardarki Mai Zane

Zuwa ga 'yata Memuna, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar sanyin ƙasar Turawa, ina sanar da ke wasiƙarki ta iso nan unguwarmu ta Nima lafiya. Fahimtarta ce ba ta iso ba har yau.

Na tambaye ki abu ɗaya: in an yi wa mutum allurar barci don tiyata, ina yake tafiya? Kika aiko mini shafi huɗu da wata doguwar takarda mai zane kamar sawun kaza a kan siminti ɗanye. Kin ce motsin ƙwaƙwalwa ne, na'ura ta ɗauko, ku kuma kuna tace shi da lissafi. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, duk ɗaya. Malam Isaka na masallacinmu ya duba ya ce in ba hatimi ba ne, to inji ya lalace.

Sai batun ɓeraye. Wai kuna sa su barci ku duba waɗanne ƙwayoyin gado suka farka a jikinsu. Memuna, ɓera kika haye teku nema? Na babban kwalbatinmu sun kai kyanwa, kuma ba sa neman biza.

Ni dai a aji huɗu na tsaya, malamin ma ya yi murna. Amma inda kika rubuta cewa ƙididdiga ta nuna yawancin mutane suna farkawa lafiya, nan na ajiye tabarau. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa yanka wa Yawancin Mutane riga ba. Kowa sai na auna kafaɗarsa. Wa zai auna tawa?

Kina 'yar shekara tara muka kai mahaifiyarki asibiti a trotro, motar hayar nan, tana ta faɗa don na manta ɗankwalinta. Suka shiga da ita ɗakin tiyata tana cewa kada in bar ki ki sha koko mai sanyi. Aikin ya yi kyau, in ji su. Ita ce ba ta farka ba. Kika riƙa tambayata me ya sa, ni kuma na saya miki biredi. Na san tun ranar kike bin wannan tambaya, ko da ba ki taɓa faɗa ba.

To, ga abin da na ɓoye. Ba don sha'awar ilimi na tambaye ki ba. Ina da ciwon nan na maza da uba ba ya faɗa wa 'yarsa sunansa, har keken ɗinki ya gagare ni takawa. Likita ya ce sai tiyata. Sau biyu ana ba ni rana ina ɓacewa unguwar Malam wajen baffanki.

Sannan na kai ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce gaskiya har yanzu ba wanda ya san amsar duka, shi ya sa kuke bincike. Shekara takwas kina wannan karatu, uwata, ba ku sani ba! Na yi fushi kwana biyu. A na uku na ga ke kaɗai ce ba ki ce mini "ba komai" ba. Na je na sa hannu a takardar tiyata.

Nas ta ce in allura ta shiga zan ƙirga daga goma zuwa ƙasa. Na ce mata lissafi na 'yata ne, ni kalmar shahada zan yi, in ya so su ƙirga da kansu.

Aikin jibi ne, Alhamis. Wasiƙa kuwa sati uku take a hanya, kuma da gangan na yi haka, don na san halinki: da kin watsar da ɓerayen kin hau jirgi. Lokacin da kike karanta wannan layi, an riga an gama. Kada ki yi kuka a kan abin da ba ki sani ba tukuna. Ki zauna ki ƙarasa aikinki, akwai masu shiga ɗakin nan bayana.

Allah ya buɗa miki abin da ya rufe mana, ya jiƙan mahaifiyarki, ya tashe ni in da sauran kwana.

Naki,
Babanki Tela, mai aji huɗu.