Muryarka a Salular Baba

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, Sha'aibuna,

Ina gaishe ka. Na ba direban motar Agadas wannan takarda, na roƙe shi kada ya miƙa ta ga kowa sai kai. Kafin ka kai ƙarshenta, don Allah ka daina tura saƙon murya a lambar da na ba ka. Ka daina yau ɗin nan!

Ka tuna yammacin da na raka ka tashar Matameye, ana ɗaura kaya a kan mota, na rubuta maka lambar nan a tafin hannu saboda ba mu da takarda? Ka dunƙule hannun, ka ce ba za ka wanke shi ba sai ka haddace. Ni kuwa na koma gida ina jira kamar gonar da aka yi wa shuka. Shiru. Na yi fushi, na yi kuka, har na ce wa ƙawata Saratu iskar arewa ta ɗauke maka hankali. Ka yafe mini, ashe bakinka bai huta ba.

Ranar kasuwa na kai salulata wurin Illa mai gyaran waya, ya saita mini intanet, ya sa mini forfe, wato kuɗin shiga intanet ɗin. Rezo, wato layin sadarwa, ya kama. Da ya zo buɗe mini Watsap sai ya tsaya, ya dube ni, ya ce lambar nan ai tana da mai ita. Ya juyo mini tasa wayar, sai ga hoton Baba da rawaninsa.

Sha'aibu, tsohon layinsa ne Baba ya ba ni, don ba ni da katin shaidar da zan yanki nawa. Kira yana shigo mini, amma Watsap ɗin da kake turo saƙonninka ta kai yana nan a salularsa, da shi yake magana da masu sayen geronsa. Illa ya ce in ya buɗe mini, na Baba zai rufe nan take. Na karɓi wayata, na kama hanyar gida.

Ka san Baba ba ya kara waya a kunne. Saƙo na shigowa zai ƙure murya, ya ajiye ta a kan tabarma a ƙofar gida, tsakiyar abokansa. Wayyo ni! Me ka faɗa, masoyina? Ka kira ni da sunan nan da babu mai saninsa sai mu biyu? Ka yi maganar bakin rijiya? Yanzu na gane dalilin da tsofaffin suke sunkuyar da kai in na zo wucewa, da dalilin da Inna ta daina aike na kasuwa.

Baba bai daka mini tsawa ba, kuma da ma tsawar ya yi. Jiya ina zuba masa ruwan alwala, bai ko kalle ni ba ya ce, "Yaron nan ya iya magana. In yana da manya, su zo su faɗe ta a zaure kafin a gama girbi. In ba shi da su, ki ajiye mini salular, ki cire shi a ranki."

Gero ya riga ya nuna, hasken raina. Da safen nan na ga an shiga gonar maƙwabtanmu da magirbi. Ina son ka, ban taɓa jin kunyar son ka ba, amma mutuncina yana hannunka yanzu. Ka kira kawunka na Dawce, ka ce ya ɗauko goro ya taho. Kada ka jira sai ka tara abin duniya, ni ban tambaye ka komi ba.

Ba ni da wani bayanka, ko an karɓe wayar ko an bar mini ita. Amma maganar Baba ba zan tsallake ta ba, kai ma ka sani.

Taka har numfashin ƙarshe,
Sadiyya